Me ya sa tiyatar sauya wa jini hanya a zuciya ke raguwa a ƙasashe masu arziki?

Idan kitse ya toshe jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, likitoci kan ciro lafiyayyar jijiya daga ƙafa ko ƙirji, su ɗinka ta yadda jini zai kewaye wurin da ya toshe. Wani likita ɗan Ajantina, René Favaloro, shi ne ya fito da martabar wannan aiki a asibitin Cleveland da ke Amurka a 1967, kuma nan da nan ya bazu a ƙasashen Yamma.

Shekara goma bayan haka aka yi masa kishiya. A 1977, likita Andreas Grüntzig ya buɗe toshiyar jijiya a birnin Zurich da ɗan balan-balan da ya zura ta cikin jijiyar cinya, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Daga baya aka ƙara da ƴar ragar ƙarfe da ake bari a ciki don kada jijiyar ta sake rufewa. Maras lafiya kan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu, maimakon makonni yana jinyar ƙashin ƙirji.

Wannan ya sa yawan tiyatar ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku a Amurka tsakanin 2001 da 2008, kuma a yawancin ƙasashen Turai ragar ce ke kan gaba.

Sai dai ba a yi ban kwana da ita ba. Binciken FREEDOM na 2012 ya nuna cewa masu ciwon suga da jijiyoyinsu da dama suka toshe sun fi tsira idan aka yi musu tiyata.

A Indiya kuwa, asibitoci irin su Narayana da ke Bangalore na yin aikin da yawa a farashin da bai kama ƙafar na Amurka ba, abin da ke jan maras lafiya daga Afirka, har da Najeriya.

Najeriya ta fara tiyatar buɗe zuciya tun 1974 a asibitin koyarwa na Enugu, amma har yau tsada da ƙarancin ƙwararru na hana da yawa samun aikin, yayin da hawan jini da ciwon suga ke ƙaruwa. Ga talaka a nan, maganar zaɓi tsakanin tiyata da raga ba ta ma taso ba.