Suna Ɗaya, Ayyuka Da Yawa: Obalodin a Harshen Java

Duk wanda ya fara koyon Java, harshen kwamfutar da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, da println yake soma cin karo, umarnin da ke fito da rubutu a kan allo. In ka ba shi lamba ya nuna, in ka ba shi jimla ya nuna. Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, println ba guda ɗaya ba ne. Goma ne a cikin aji guda, wato rukunin umarnai ɗaya, duk sunansu ɗaya, kowanne da irin abin da yake karɓa. Wannan dabarar ce masu sana'ar ke kira obalodin.

Kamar ka ce wa mai shago "auna min" ne: in shinkafa ka nuna, mudu zai ɗauko, in man gyaɗa ne, kwalba. Haka kompaila, wato manhajar da ke fassara wa na'ura rubutunka, take duba yawan abubuwan da ka miƙa, da nau'insu, da yadda ka jera su, sannan ta zaɓi wanda ya dace tun kafin manhajarka ta fara aiki. Idan kuwa nau'in amsar da umarnan suke dawowa da ita ne kaɗai ya bambanta, ba za ta yarda ba.

Sauƙin a fili yake. A harshen C, mai son cire wa lamba alamar ragi sai ya haddace abs da labs da fabs, kowanne da nasa nau'in lambar. A Java, Math.abs ya wadatar.

Amma akwai rami, kuma shi na fi so malamai su riƙa nunawa tun a makon farko. Jerin List na Java yana da remove guda biyu: ɗaya yana cire abin da ke wani gurbi, ɗayan yana neman abin da ka ambata ya cire shi. A ce jerinka 10, 20, 1 ne, ka rubuta remove(1) da nufin cire 1. To, 20 ce za ta tafi, domin kompaila ta ɗauki 1 a matsayin lambar gurbi, gurabe kuwa daga sifili ake ƙirga su. Ba gargaɗi, ba kuskure a allo. Sai lissafi ya lalace can gaba a rasa dalili. Maganinsa shi ne remove(Integer.valueOf(1)).

A ganina, ayyuka biyu da ba manufarsu ɗaya ba bai kamata su haɗa suna ba. Harshen Python ma bai tanadi wannan tsarin ba: in ka maimaita suna a aji ɗaya, na ƙarshen ne ke shafe na farko.