Tawadar Allah: Yaushe Take Zama Abin Tsoro?

A Kankiya da Kusada, idan aka haifi jariri da baƙin tabo, ungozoma kan ce tawadar Allah ce, a ƙyale ta. Galibi tana da gaskiya. Kusan jariri 1 cikin 100 yana zuwa da ita, kuma ba komai ba ce illa cunkoson ƙwayoyin da ke ba fata launi.

Babbar ce abin lura, wadda kan mamaye baya ko cinya, har ta tsiro da gashi. Kimanin jariri 1 cikin 20,000 ke zuwa da irinta. Kaɗan daga cikinsu sankarar fata, wato melanoma, kan ɓulla musu a cikin tabon, wani tun bai shiga firamare ba. Ƙullutu, zubar jini, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ba aikin wanzami ba ne. A nufi Babban Asibitin Kankiya, a nemi takardar zuwa asibitin koyarwa, kamar na Shika a Zariya.

Can za a gutsuri tabon a auna. In sankara ce, likita zai yanke ta haɗe da lafiyayyar fatar gefenta, idan wurin ya yi faɗi ya ɗebo fata daga wani sashen jiki ya dasa. Tiyata ba ta kawar da haɗarin ƙaf, domin wasu ƙwayoyin suna can ƙarƙashin fata. Dole a riƙa mai da yaron ana duba shi.