Mahaɗar Ƙwaƙwalwa da Kwamfuta: Gudummawarta Wajen Farfaɗo da Motsin Hannu da Ƙafa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin lalurorin da kan raba ɗan'adam da ikon sarrafa gaɓoɓinsa, biyu sun yi fice: shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke kan gaba wajen haddasa ta, da kuma raunin laka a sanadiyyar haɗari. A dukkan biyun, sau da yawa niyyar motsi tana nan daram a ƙwaƙwalwa, hanyar da saƙo kan bi zuwa tsoka ce ta yanke. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda na'urar da muka kira mahaɗar ƙwaƙwalwa da kwamfuta take ɗinke wannan yankewa, tare da nuna cewa babban amfaninta shi ne sake koya wa jiki motsi.

2.0 Asali da Yadda Take Aiki

A shekarar 1924 ne Hans Berger, wani likita Bajamushe, ya fara tsinto lantarkin da ke gudana a ƙwaƙwalwar ɗan'adam. A 1973 kuma Jacques Vidal na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya gabatar da ra'ayin sarrafa kwamfuta da wannan lantarki. Daga baya masana suka tabbatar da cewa ko mutum bai motsa ba, muddin ya ƙudurta motsin a ransa, yanayin lantarkin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsi yakan sauya. Wannan sauyi shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya.

Aikin yana bin matakai uku. Da farko ana tsinto saƙon, ko dai ta hanyar hula mai ɗauke da 'yan ƙarafa da ake sanya wa majinyaci, ko ta hanyar dasa na'ura a cikin ƙoƙon kai. Na biyu, kwamfuta ta fassara saƙon. Na uku, ta umarci wata na'ura da aka ɗaura a gaɓar ta motsa ta, ko ta zaburar da tsokar da ɗan lantarki.

3.0 Farfaɗo da Hannu

A nan muhimmin abu shi ne daidaituwar lokaci. Tun 1949 Donald Hebb ya yi hasashen cewa ƙwayoyin jijiya da ke aiki tare alaƙarsu takan ƙarfafa. Ke nan, idan hannu ya motsa daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ta nemi hakan, saƙon jin motsin zai komo mata, sai ta soma gina sabuwar hanya.

Wani bincike da aka gudanar a Jami'ar Tubingen ta Jamus, aka buga a 2013, ya gwada wannan a kan majinyata 32 da suka daɗe da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda ba sa iya miƙe yatsunsu. An raba su gida biyu. A rukuni na farko na'urar tana motsa hannu ne bisa saƙon ƙwaƙwalwa, a na biyu kuwa tana motsa shi kara zube. Dukkansu sun yi atisayen motsa gaɓoɓi, amma rukuni na farko ya fi samun sauƙi. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da IpsiHand, na'ura irin wannan, domin masu wannan lalura.

4.0 Farfaɗo da Ƙafa

A 2023 mujallar Nature ta kawo rahoton Gert-Jan Oskam, mutumin Holan da ya samu raunin laka a haɗarin keke a 2011. Ayarin Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch a birnin Lausanne na Siwizalan sun dasa masa na'urori biyu a ƙoƙon kai da wata a kan laka, ƙasa da wurin raunin. Saƙo yakan tsallake raunin ba tare da waya ba, ya isa ga jijiyoyin ƙafa. Da haka ya tsaya, ya yi tafiya, har ya hau matakala. Abin lura shi ne, bayan dogon atisaye, ya iya takawa da sandunan dogarawa ko da an kashe na'urar.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa na'urar tana taimaka wa ƙwaƙwalwa ne ta gyara kanta. Duk da haka, akwai sauran rina a kaba. Nasarar Lausanne da aka ruwaito a 2023 ta mutum guda ce, dashe yana bukatar tiyata mai haɗari da tsada, sannan ba kowane majinyaci ke iya sarrafa saƙon hular ba. Sauƙin da aka samu a Tubingen ma matsakaici ne. Don haka mahaɗar ba ta maye gurbin atisayen yau da kullum ba, ƙara masa ƙarfi take yi.