Kafin Mage Ta Hau Jirgi

A shekarar 2015, jarumin fina-finan Amurka Johnny Depp da matarsa ta wancan lokacin, Amber Heard, suka sauka Ostireliya da ƙananan karnukansu biyu, Pistol da Boo, ba tare da sanar da hukuma ba. Ministan noma Barnaby Joyce ya ba su wa'adi: ko a fitar da karnukan, ko a kashe su. Aka kwashe su zuwa Amurka, ita kuwa Heard ta amsa laifin cike takardar shiga ƙasa da bayanin ƙarya a kotu a 2016.

Abin da ƙasashe ke gudu shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Asiya da Afirka. Shi ya sa mai mage ko kare da zai tashi daga Kano ko Yamai zuwa Birtaniya ko Tarayyar Turai yake fuskantar sharuɗɗan da suka fi na ɗan Kanada tsauri.

Kuma aikin daki-daki yake, ba a tsallake. Da farko likitan dabbobi zai dasa wa dabbar ɗan guntun na'ura a ƙarƙashin fatar wuya, girmansa kamar ƙwayar shinkafa, ɗauke da lambobi 15. Sannan ne za a yi allurar rigakafin haukan kare; wadda aka yi kafin dashen ba a lissafa ta. Bayan aƙalla kwana 30 a ɗebi jini a aika ɗakin gwajin da ƙasar da za a je ta amince da shi, don a tabbatar allurar ta kama. Ko sakamakon ya yi kyau, sai an jira wata uku daga ranar ɗiban jinin. Ke nan wata huɗu ne mafi ƙaranci, kuma nan ne mai gaggawa yake yin tuntuɓe: biza ta fito, an yanki tikiti, mage ba ta shirya ba. Wanda ya yi ganganci ya isa Birtaniya haka, ana iya killace dabbarsa har wata huɗu, kuɗin kuma daga aljihunsa.

Amurka ma ta ƙara tsaurarawa. Tun 1 ga Agusta 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata shida ba.

Sai batun jirgi. Kamfanoni irin su Lufthansa da Turkish Airlines suna barin ƙaramar dabba ta zauna tare da fasinja idan ita da jakarta ba su wuce kilo 8 ba, amma dabbar da za ta shiga Birtaniya dole ta bi sashen kaya. Kejin ya zama wanda za ta iya miƙewa tsaye, ta juya, ta kwanta a ciki, kuma gara a ajiye shi a tsakar gida makonni kafin tafiya, a riƙa sa mata abinci a ciki har ta saba. Maganin barci kuwa likitoci ba sa goyon baya, don yana iya taɓa numfashi da bugun zuciya alhali ba mai duba ta a sama.

Abin takaici ga masu son magen Farisa mai yalwar gashi: gajeren hancinta yana wahalar da numfashinta, har kamfanoni da dama sun ƙi ɗaukarta a sashen kaya. Mai irinta ya fara tambayar kamfanin jirgi tun kafin ya biya kuɗin tikiti.