Ciwon Mai Keke: Inda Allurar Sinawa Ke Taimakawa da Inda Ta Tsaya

Duk wanda ya daɗe yana hawan keke, ɗan tsere ne ko manomi mai zuwa gona, ya san wurare huɗu da jiki ke fara kuka: gwiwa, ƙugu, wuya da tafin hannu. Kowanne da dalilinsa, kuma galibi dalilin a jikin keken yake.

Idan sirdi ya yi ƙasa, gwiwa takan lanƙwashe fiye da kima, ƙoƙonta ya riƙa matsuwa a kan ƙashin cinya, sai ciwo ya taso ta gaba. Idan kuma ya yi sama, ƙafa takan miƙe har ta ja jijiyoyi, ciwon ya koma bayan gwiwa. Shi ya sa masu auna keke ke son gwiwa ta lanƙwasa da digiri 25 zuwa 35 lokacin da feda ta kai ƙasa. Kan keke da ya yi nisa yana sa mutum ya duƙa yana ɗaga kai don kallon hanya, ƙugu da wuya su ɗauki wahalar. Shi kuwa sagewar ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa, nauyin jiki ne ke danne wata jijiya a gindin tafin hannu.

A nan ne mahaya da yawa ke komawa ga akufanca, wato tsira siraran allurai a wasu keɓaɓɓun wurare na jiki. Sinawa sun fi shekara dubu biyu suna wannan aiki, kuma a 2008 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin yammacin Fasifik ya tantance wurare 361. A tsohon bayanin Sinawa, allurar tana buɗe hanyoyin da ƙarfin rai ke bi. Masu binciken zamani kuwa sun gano tana motsa jijiyoyi, jiki ya saki sinadaransa na rage zafi.

To, tana aiki? Amsar na buƙatar adalci. A wani babban gwaji da aka yi a Jamus, wanda aka wallafa a 2007, an raba masu ciwon ƙugu 1,162 gida uku. Kusan kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa akufanca ta gaske sun sami sauƙi, kashi 44 na waɗanda aka tsira wa allura sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, sai kashi 27 na masu magani na yau da kullum. Ke nan allurar ta taimaka, amma ainihin wurin da aka tsira ta bai yi tasirin da ake zato ba. Saboda haka masana suka rabu: a 2016 hukumar da ke ba asibitocin Ingila shawara ta ce kada a yi ta don ciwon ƙugu, a 2017 kuma Kwalejin Likitocin Amurka ta sanya ta cikin abubuwan da za a gwada kafin shan ƙwaya. Kuma gwajin na Jamus a kan masu daɗaɗɗen ciwo aka yi shi, ba a kan mahaya keke ba.

Akwai kuma ƙanwar akufanca da ba ta buƙatar allura, wato danna wuraren da babban yatsa na minti ɗaya zuwa biyu, da ƙarfi amma ba har ya yi zafi ba. Don gajiyar ƙafa ana danna wurin da ake kira Zusanli, faɗin yatsu huɗu ƙasa da ƙoƙon gwiwa, a gefen waje na ƙashin ƙwauri. Don ƙugu akwai Weizhong a tsakiyar lanƙwasar bayan gwiwa, don wuya kuma Fengchi, ramuka biyun nan da ke ƙarƙashin ƙeya. Hegu, tsakanin babban yatsa da manuni, ana danna shi don ciwon kai da wuya, amma masu sana'ar suna hana mai ciki taɓa shi.

A yi hattara da wanda zai riƙe allurar. Dole ya zama ƙwararre, ya ɓare sabuwa a gabanka, domin allurar da aka maimaita tana yaɗa ciwon hanta, wadda ta nutse da yawa a ƙirji kuma tana iya huda huhu. Gwiwar da ta kumbura, yatsun da suka rasa ƙarfi, ko sagewa a tsakanin cinyoyi da ta ƙi wucewa, duk na likita ne, ba na tausa ba.

Shawarata ga mai keke ita ce ya bi abin daki-daki. Ya fara da gyaran sirdi da kan keke, ya riƙa sauya riƙo, ya sassauta giya a hawa, ya ƙara nisan tafiya sannu a hankali. In ciwo ya saura, sai ya gwada dannawa, sannan allura. Allura tana iya kwantar da zafin gwiwa na ɗan lokaci, amma muddin sirdi yana inda yake, gobe ciwon zai dawo. Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan harka sifana lamba 13 ko makullin sirdi ne farkon magani.