Lanƙwasa Leɓen Rumfar Taya: Darasi a Kan Halin Ƙarfe da Fenti

A ƙasar Amurka akwai masu sha'awar tsofaffin motocin a-kori-kura, irin su Ford F-100 wadda aka ƙera daga 1953 zuwa 1983, da Chevrolet C10 wadda ta fara fitowa a 1960. Sukan gyara su, su sa musu tayoyi masu faɗi fiye da na asali. To, a nan ne matsala ke tasowa, kuma maganinta darasi ne na kimiyya.

Ƙarfen da ya lulluɓe saman taya, wanda za mu kira rumfar taya, yana da leɓe a bakinsa wanda aka tanƙwara zuwa ciki, kamar harafin L. Amfanin leɓen shi ne ƙarfafa bakin rumfar. Ɗalibi na iya gwadawa da takarda: shimfiɗaɗɗiya takan langaɓe, amma da an naɗe gefenta sai ta tsaya. Haka jijiyar tsakiyar ganyen masara ke riƙe da ganyen.

A jikin kowace taya akwai lambobi, misali 235/75R15. Lambar farko faɗin tayar ce a milimita. Idan aka maye gurbinta da mai lamba 275, an ƙara milimita 40 ke nan, wato 20 a kowane gefe. Mota na tsaye ba za a ga aibu ba. Amma idan ta faɗa rami ko ta ɗauki kaya, sifirin zai matse, taya ta matso sama ta gogi leɓen. Gefen taya ya fi inda ke taka ƙasa rauni, don haka leɓen na iya yanka shi har ta fashe ana cikin gudu.

Maganin shi ne a lanƙwasa leɓen sama ya kwanta a cikin rumfar. Akan cire taya, a ɗaura wata na'ura mai hannu a gurbinta. A ƙarshen hannun akwai gargare mai ɗan taushi. Sai a riƙa kai shi gaba da baya a jikin leɓen, ana ƙara matsi kaɗan-kaɗan.

Me ya sa ba a yi da ƙarfi gaba ɗaya? A 1678 masanin Ingila Robert Hooke ya bayyana cewa miƙewar sifirin tana daidai da nauyin da aka ɗora masa. Ƙarfe na bin wannan doka zuwa wata iyaka, yana komawa yadda yake idan an sake shi. In an ƙetare iyakar, sai ya zauna a sabon siffa. Bukatar mai gyara ita ce ya ƙetare ta a kan leɓen kaɗai. Matsi mai yawa kan ture rumfar duka, ta yi tudu da kwari. Haka kuma wurin da aka lanƙwasa yakan ƙara tauri, shi ya sa waya ke karyewa idan an yi ta tanƙwara ta. Saboda haka leɓen da aka kwantar ba ya komawa kamar da.

Fenti kuwa halinsa dabam ne. Da sanyi yakan tsage maimakon ya miƙe, musamman wanda ya shekara hamsin a rana. Don haka akan ɗumama shi da na'urar hura iska mai zafi, ba tare da an bari ya ƙone ba. Tsagewar fenti ƙofa ce ga tsatsa, domin abu uku take bukata: ƙarfe, ruwa da iskar oksijin. Kwantaccen leɓe kuma yana tara laka mai riƙe danshi, sai an wanke shi tun kafin aiki, an shafe shi da maganin tsatsa bayan an gama. Kafin a fara ma, akan bi bakin rumfar da maganaɗisu. Inda bai kama ba, wataƙila ciko ne aka yi a da, kuma ciko fashewa yake yi.

Malamai na iya nuna wannan a aji da wayar ƙarfe da kyandir biyu, ɗaya a ruwan sanyi, ɗaya a ruwan ɗumi. A tanƙwara kowanne a hankali, ɗalibai su rubuta wanda ya koma, da wanda ya zauna, da wanda ya karye.