Darasin yau: ajiyar rubutun kwamfuta da mai da shi



Manomin gero ya san ba a haɗa iri da hatsin ci a rumbu guda. In gobara ta ci rumbu, ko gara ta shiga, iri yana nan daban. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san darajar irin da aka ɓoye.

To, rubutun da ke cikin kwamfuta shi ma haka yake. Sunayen ƴan ƙungiya, lissafin buhunan bankin hatsi, kuɗin da aka ranta, duk suna iya ɓacewa rana ɗaya. Zafi da ƙura suna lalata kwamfuta. Ɓarawo kuma yana iya ɗauke ta. Maganin abin shi ne a yi kwafi, a ajiye wani wuri.

Ana iya ba kwamfuta umurni a rubuce. Akwai wani tsari mai suna Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991. A cikinsa ana buɗe wani allo, a rubuta umurni, a danna maɓallin aikawa. Umurnin kwafi baƙaƙe biyu ne, c da p. Bayansu sai a rubuta inda abin yake, sannan inda za shi.

A ce takardarmu sunanta lissafi, tana cikin jakar da muka sa wa suna gida. Ɗan abin ajiyar da ake soka wa kwamfuta, wato kile, shi ne rumbunmu na biyu. Sai mu rubuta:

cp gida/lissafi kile/

Ran da takardar ta ɓace, sai mu juya maganar:

cp kile/lissafi gida/

A kula da kyau. Wanda aka fara rubutawa daga gare shi ake ɗauka. In aka juya su bisa kuskure, tsohon rubutu zai hau kan sabo ya shafe shi, kwamfuta ba za ta tambaye ku ba. Haka umurnin rm, shi gogewa yake yi, babu tambaya.

Ga abin da ya faru a Amurka a 1998. Kamfanin Pixar yana cikin shirya fim mai suna Toy Story 2, sai aka ba da umurnin rm bisa kuskure, mafi yawan aikin ya goge. Suka je ga ajiyarsu, suka tarar ba ta cika ba. Allah ya sa wata ma'aikaciya tana da kwafi a kwamfutar gidanta. Da shi aka ceci fim ɗin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ku riƙe abu uku. Na ɗaya, a yi kwafi kowane mako. Na biyu, kada kile ya kwana ɗaki guda da kwamfuta. Na uku, a riƙa buɗe kwafin ana dubawa, kamar yadda manomi ke duba irinsa kafin damina.

Aikin gida: kowa ya rubuta umurnin nan biyu a littafinsa, ya nuna wa malamin ajinsu wane ne na ajiya, wane ne na mayarwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.